Takardar Shaidar Cin Wuta a Gine-ginen Hukuma na Ingila

Wanda duk ya shiga asibiti, ko makaranta, ko ofishin gwamnati a Ingila da Wales, zai iya ganin wata takarda mai launi-launi a bango, ɗauke da haruffa daga A zuwa G. Tun watan Oktoba na 1 ga shekarar 2008 doka ta tilasta kafa ta a gine-ginen hukuma da jama'a ke yawan shiga, waɗanda faɗinsu ya wuce murabba'in mita 1,000. A 2015 aka sauko zuwa 250.

Ba kyan tsarin gini ake dubawa ba. Lantarki da gas ɗin da aka ƙone cikin wata goma sha biyu ake aunawa, a kwatanta da na matsakaicin gini irinsa. Mai A ya fi tattali, mai G kuwa almubazzari ne, kuma da kuɗin masu biyan haraji yake almubazzarancin.

Da aka fara, ginin majalisar dokoki na Westminster G ya samu. Ba mamaki, tsohon gini ne. Amma sabon ofishin magajin garin London, wanda aka buɗe a 2002 ana ta yabon tattalinsa, bai wuce E ba.