Samfurin Takarda da Matsalar Sabunta Shi a Kwamfutocin da Ba Sa Hawa Intanet

Samfuri, a harkar rubutu da kwamfuta, fayil ne da aka riga aka tsara masa sunan hukuma da tambarinta da adireshinta, aka zaɓa masa irin haruffa da girmansu da faɗin gefen shafi, domin mai rubuta wasiƙa ko rasit ko takardar jarrabawa ya buɗe ya cike gurbin da ya rage kawai. A manhajar Microsoft Word, tun daga fitowar 2007, sunan samfuri yana ƙarewa da .dotx, ita kuwa takarda ta yau da kullum da .docx, yayin da LibreOffice, wadda ake samu kyauta, take amfani da .ott. Duk lokacin da aka buɗe samfuri, sabuwar takarda marar suna ce take fitowa, shi kuma yana nan yadda yake.

A manyan ma'aikatu akan ajiye samfuri ɗaya a wata babbar kwamfuta da kowa yake ɗauka daga cikinta, ta yadda gyara ɗaya ya wadatar. A Farin Dutse da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, inda wuta takan ɗauke ta daɗe, sabis ya yi rauni da zarar an bar bakin titi, data kuma daga aljihun ma'aikaci take fita, kwamfutar tafi-da-gidanka ta malamin makaranta ko magatakardan asibiti ko mai shagon buga takardu takan yi makonni ba ta haɗu da wata ba. Kowace tana riƙe da nata kwafin, kowane kwafi kuma yana tsufa shi kaɗai.

Abin da yake tsufar da samfuri ba ya neman izinin kowa. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, duk wata takardar ofis a Gwaram da Birnin Kudu mai ɗauke da sunan Jihar Kano ta zama tsohon yayi, sai dai a lokacin takardun a durowa suke, ana ganinsu, ana iya tattara su. A Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, don haka duk samfurin takardar neman biya da ya ci gaba da tsohon lissafi ya jawo wa mai shi asara ko jayayya. A Mayun 2024 kuma aka mayar da tsohon taken ƙasa, alhali makarantu da yawa suna buga taken a jadawalin bukukuwansu. Ƙananan sauye-sauye, irin su sabon shugaban makaranta ko sabuwar lambar waya, sun fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba, kuma su ne aka fi mantawa da su.

Akwai wani kuskuren fahimta da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne tushen yawancin ruɗanin. Mutane da dama suna zaton idan an gyara samfuri, takardun da aka fitar daga jikinsa za su gyaru, alhali rubutu da tambari kwafarsu ake yi sau ɗaya, ranar da aka haifi takardar, daga nan an rabu. Abin da Word take iya sabuntawa, idan an kunna mata wannan zaɓin, shi ne salo kaɗai, wato tsarin haruffa da tazarar layuka. LibreOffice ma tambayar da takan yi idan ta ga samfuri ya sauya ba ta wuce ta salo ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, yawancin masu buga takardu ba sa taɓa samfurin kwata-kwata: wasiƙar bara suke buɗewa, su goge suna su sa wani, shi ya sa ake ganin takardar bana ɗauke da kwanan watan bara, wani lokaci har da sirrin wanda aka yi wa aiki a baya.

Manhajoji irin su OneDrive da Google Drive suna ajiye kwafi a cikin kwamfuta, su daidaita shi da na asali duk sa'ad da aka sami intanet, kuma suna da amfani ga wanda yake shiga Birnin Kudu ko Dutse a kai a kai. Amma idan mutum biyu suka gyara fayil ɗaya kowa a wajensa, manhajar takan bar kwafi biyu ne, ba ta san wanda yake da ikon gyara ba. Wannan hukunci na mutane ne. Dole a sami mutum ɗaya da aka ɗora wa riƙon samfurin asali, shi kaɗai yake gyarawa, sauran kwafin kuma a kulle su a matsayin na karantawa kawai. Rabawa ba ta buƙatar wata sabuwar dabara, tunda ma'aikata suna haɗuwa a taron wata ko wajen kai rahoto sakatariya, kuma samfurin da ba shi da manyan hotuna ƙarami ne, ana iya tura shi ta WhatsApp zuwa waya, a sauke shi cikin kwamfuta da kebul.

Sai dai bai kamata a dogara da lokacin da kwamfuta ta rubuta wa fayil ba wajen gane sabo, domin kwamfutar gwanjo da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan koma wata shekara can baya, ta sa sabon fayil ya yi kama da tsoho. Ya fi dacewa a sa kwanan wata a cikin sunan fayil ɗin, a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2025-01-15, domin kwamfuta ta jera su da kanta, sannan a maimaita shi da ƙananan haruffa a ƙasan shafi, yadda shugaban da aka kawo wa takarda ya sa hannu zai gane daga wane samfuri ta fito. Tsohon kuma a fitar da shi daga foldar aiki, don muddin yana kusa, hannu zai koma kansa.

Filashi, wanda shi ne jakadan da aka fi aike, yana ɗauke da nasa haɗarin, musamman cutar kwamfutar nan da take ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu. Samfuri ma tsohon mazaunin cuta ne: Concept a 1995 da Melissa a 1999 duk sun yaɗu ta hanyar makro, wato ƙananan umarnin da ake dasawa cikin fayilolin Word. Fayil ɗin .dotx ba ya ɗaukar makro, .dotm ne yake ɗauka, saboda haka ofishin da aikinsa wasiƙa da rasit ne ba shi da dalilin karɓar na biyun. Idan kuma samfurin na Hausa ne, sai mai riƙonsa ya gwada ɓ da ɗ da ƙ a kan mafi tsufar kwamfutar da za a ba, domin idan babu irin haruffan da ya zaɓa a cikinta, za ta musanya su da wasu, layuka su goce, wurin sa hannu ya faɗa shafi na biyu.