Idan mai haƙuri ya koma mafaɗaci, a duba wuyansa da jininsa

Kusan kowane ofis a Sakatariyar Tarayya yana da irin wannan labari. Ma'aikaciyar da aka sani da fara'a shekara da shekaru, sai a wayi gari fayil ɗin da aka ajiye mata a karkace ya isa ta tayar da jijiyar wuya. Hadimin da ya saba haɗiye faɗan maigida yana murmushi, yanzu direba da masinja kaffa-kaffa suke yi da shi. Abokan aiki ba sa rasa fassara: cunkoson Mararaba da Nyanya ne, ko albashin da ba ya kai tsakiyar wata, ko kuwa girman kai ne ya zo tare da ƙarin girma. A gida kuma a fara zancen sammu.

Kowanne daga cikin waɗannan yana iya yiwuwa. Amma Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, kuma idan zanen ya sauya cikin 'yan watanni ba tare da wani dalili na zahiri ba, akwai tambayar da likitoci ke yi wadda mu ba mu cika yi ba: shin jikin ne ya sauya?

A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai wata 'yar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi da ake kira tayirod. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, da bugun zuciya, da ɗumin jiki. Idan ta wuce kima, sai jiki ya zama tamkar injin da aka taka wa totur aka ƙi sakewa. Zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa wajen sa hannu a takarda, gumi na zuba ko da na'urar sanyaya ɗaki na aiki, barci ya ƙaurace, mutum na ci amma yana ramewa. Saurin fushi da rashin natsuwa na cikin alamomin farko, kuma sau da yawa iyali ne ke fara lura da su kafin mai ciwon. Mafi yawan masu wannan matsala suna fama ne da cutar Graves, wadda aka laƙaba wa sunan likitan Ailan, Robert Graves, da ya bayyana ta a 1835. A cikinta garkuwar jiki ce ke tunzura tayirod, wani lokaci har idanu su firfito.

Abin da ke sa a daɗe ba a gano ta ba a gari kamar Abuja a bayyane yake. Wa zai yi mamakin gumi a watan Maris? Wa zai zargi rashin barci ga wanda ke barin Kubwa tun asuba? Rama kuwa, taya murna ake yi.

Idan kuma tayirod ta gaza, hoton yakan juye: kasala, jin sanyi, ƙiba, taurin bayan gida, bushewar fata, mantuwa da ƙuncin rai. Wannan fushin ba mai tartsatsi ba ne, na wanda ya gaji ne har ba ya son a yi masa magana. Mata sun fi maza kamuwa da nau'o'in biyu nesa ba kusa ba, kuma akwai wanda ke tasowa cikin shekarar farko bayan haihuwa, daidai lokacin da mai jego ta koma bakin aiki kowa na ɗora sauyin halinta a kan raino. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri, abin da ya rage maƙoƙo ƙwarai, sai dai gishiri ba ya hana nau'in da garkuwar jiki ke haddasawa.

Sai batun bitamin, inda ya kamata a yi taka-tsantsan, domin kasuwa ta cika shi da ƙarin gishiri. Wanda hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne B12, da ake samu a nama, hanta, kifi, ƙwai da madara. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa na buƙatarsa, kuma ƙarancinsa na kawo gajiya, mantuwa, sauyin hali, da jin tafin ƙafa na mutuwa ko tsikari kamar ana soka allura. Hanta na adana shi na shekaru, shi ya sa matsalar ke shigowa a hankali. Mai cin tsire da kilishi ma bai tsira ba, don sau da yawa ba a abinci gizo ke saƙar ba, a hanji ne. Metformin da masu ciwon suga ke sha shekara da shekaru yana rage shigar B12 cikin jini, haka ma omeprazole da ire-irensa, waɗanda ma'aikata da dama ke saye a kemis duk lokacin da olsa ta motsa. Ƙarancin sinadarin ayon, wanda ba bitamin ba ne, shi ma yana sa gajiya da saurin hasala, musamman ga mata masu zubar jini da yawa lokacin al'ada. Shan shayi a kan abinci kuma yana rage abin da jiki ke tsotsa daga gare shi. Alaƙar bitamin D da yanayin rai kuwa, har yanzu masana ba su daidaita a kanta ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a wuce kemis a sayi maganin ƙarin jini. Folik asid da ke cikin irin waɗannan magunguna na iya gyara sakamakon gwajin jini alhali lalacewar jijiya ta ƙarancin B12 na ci gaba a ɓoye. Biotin da ake sha don gashi da farce yana rikita gwajin tayirod, har ya nuna ciwon da babu shi, don haka wajibi ne a gaya wa likita duk abin da ake sha.

Gwajin kansa ba shi da wuya. Jini kaɗan ake ɗiba a auna TSH, sinadarin da ke ba tayirod umarni, tare da T4, a ƙidaya ƙwayoyin jini, a duba B12 da ayon idan likita ya ga dalili. Ma'aikacin tarayya da ke ƙarƙashin inshorar NHIA zai fara ne daga asibitin da ya yi rajista, daga nan a tura shi wurin ƙwararre, kamar a Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Yana da kyau ya je da matarsa ko mijinta, domin mai fushi ba ya cika ganin fushinsa. Carbimazole na kwantar da tayirod mai gudu, levothyroxine na cike gurbin wadda ta gaza, B12 kuma allura ko ƙwaya ce, kuma a mafi yawan lokuta sauƙi na fara bayyana cikin makonni.

Gwajin na iya fitowa lafiya lau. A nan sai a koma ga sauran abubuwan da likita zai tambaya: barci, suga, damuwa, kofi da lemon ƙarin kuzari, da nauyin aikin kansa. Amma shugaban sashen da ke shirin rubuta wa ma'aikacinsa takardar tuhuma kan rashin ladabi, alhali ya san shi shekara goma bai taɓa ɗaga murya ba, zai iya jinkirta ta mako guda, ya ba shi izinin zuwa asibiti tukuna.