2.4 Yanayin Shigar Ɗalibai Makarantun Sakandare a Ƙasashe Masu Ƙaramin Ƙarfi: Misalin Ƙasar Yuganda

Wannan sashe zai duba yadda adadin ɗaliban sakandare yake tafiya a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, wato ƙasashen da Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa abin da mutum ɗaya yake samu a shekara bai wuce dala 1,145 ba, bisa ma'aunin shekarar 2024. An zaɓi Yuganda a matsayin misali domin ita ce ƙasa ta farko a Afirka kudu da Sahara da ta ɓullo da shirin ilimin sakandare kyauta ga kowa.

Da farko dai, ya kamata a lura cewa sakandare daga firamare take samun ɗalibanta. Taron ilimi na duniya da aka yi a Jomtien ta ƙasar Tailan a 1990, da wanda ya biyo baya a Dakar a 2000, sun fi mayar da hankali ne a kan ilimin tushe. Saboda haka kuɗin gwamnatoci da na masu ba da agaji ya karkata zuwa firamare. Sai a 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya kammala sakandare kyauta cikin muradunta na ci gaba.

A Yuganda, gwamnatin Shugaba Yoweri Museveni ta soke kuɗin makarantar firamare a 1997. Cikin shekara ɗaya tak, ɗaliban suka tashi daga kimanin miliyan 3 zuwa sama da miliyan 5. Sai dai kash, daga cikin yara fiye da miliyan 2 da suka shiga aji ɗaya a wannan shekara, waɗanda suka kai aji bakwai a 2003 ba su cika rabin miliyan ba. Ke nan tun kafin a zo ƙofar sakandare, mafi yawan yaran sun riga sun zube a hanya.

Su ma waɗanda suka kammala, kuɗin makaranta ya zame musu shinge. Wannan ne ya sa aka ƙaddamar da shirin sakandare kyauta a 2007. Shirin ya shafi shekaru huɗu na ƙaramar sakandare, kuma sai ɗalibin da ya sami wani ƙayyadadden maki a jarrabawar fita firamare yake cin gajiyarsa. A farkon shirin, gwamnati ta riƙa biyan shilin 41,000 a kan kowane ɗalibi a zangon karatu a makarantunta. Da yake makarantun gwamnati ba su wadata ba, musamman a karkara, sai aka ƙulla yarjejeniya da makarantu masu zaman kansu, ana biyan su shilin 47,000. An fara janye wannan yarjejeniya daga 2018, aka koma gina sababbin makarantu a gundumomin da ba su da ko ɗaya.

Babu shakka shirin ya ƙara yawan ɗalibai, kuma 'ya'ya mata na gidajen talakawa suna cikin waɗanda suka fi amfana. To amma idan aka auna yawan ɗaliban da yawan yaran da shekarunsu suka kai na sakandare, za a ga cewa bayan shekara goma da fara shirin, adadin bai kai kashi 30 cikin 100 ba. Dalilan a bayyane suke. Yawan jama'a yana ƙaruwa da kimanin kashi 3 cikin 100 kowace shekara, don haka sababbin gurabe da kyar suke riskar sababbin yara. Haka kuma, kalmar "kyauta" ba ta haɗa da kayan makaranta da littattafan rubutu da abincin rana ba, waɗanda duk suna wuyan iyaye. Bugu da ƙari, yaron da ya kai shekara goma sha huɗu ya isa aikin gona, yarinya kuma ana iya aurar da ita, saboda haka zamansu a aji asara ce ta zahiri ga gidan da ke neman abin sawa a baka.

Annobar korona ta ƙara dagula lamarin. An rufe makarantun Yuganda a watan Maris na 2020, ba a buɗe su gaba ɗaya ba sai a Janairun 2022, kuma ɗalibai da dama, musamman 'yan matan da suka sami juna biyu a wannan tsakanin, ba su koma aji ba.