Amsoshin Wasiƙunku: Wane Ne Ya Fi Iya Saita Man Babur, Bakanike Ko Na'ura?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraro a ƙasar Bichi, manomi ne kuma yana taɓa kasuwanci. Ya ce da babur ɗinsa Boxer yake kawo albasa da busasshen barkono cikin birnin Kano, wajen Kasuwar Rimi da Ƙofar Wambai. Da fetur ya yi tsada sai ya sa wani bakanike ya matse masa kafireto don ya rage shan mai. Man kuwa ya ragu, amma yanzu inji yana zafi, kuma in ya ɗauki kaya ba ya ja kamar da. Ɗansa kuma ya gaya masa wai akwai baburan da ke saita kansu, wai kuma a ƙasashen Turawa kan wata na'ura ake ɗora babur a saita shi. Shi ne yake tambaya, wanne ne ya fi?

To, Malam, mun gode da wasiƙarka. Ba kai kaɗai ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, masu babura da yawa suka yi irin abin da ka yi.

Bari mu fara daga tushe. Inji ba mai kaɗai yake ƙonawa ba, mai ne gauraye da iska. Masana sun auna cewa fetur yana ƙonewa sarai idan kowane kilo ɗaya nasa ya sami iska kilo 14.7. In mai ya yi yawa, sai ka ga baƙin hayaƙi a salansa, fulogi ya yi baƙi ƙirin, kuɗinka na tafiya a banza. In kuwa mai ya yi kaɗan, wutar da ke cikin inji takan fi zafi, ƙarfi ya ragu, fulogi ya yi fari fat kamar toka. Wannan na biyun shi ne ya same ka. Kuma ka lura, injin babur ɗinka ba shi da lagireto, iskar hanya ce kawai ke sanyaya shi. A titin Bichi yana samun iska. Amma da ka shigo lungunan Kurmi ko cunkoson Ƙofar Wambai da rana tsaka, kana tafiya a giya ɗaya da buhu biyu a baya, ina iskar? Nan ne bawul ke ƙonewa, fistin ya lalace. Kuɗin sauke inji sau ɗaya zai cinye duk abin da ka tara na ragin mai, har ka ciko daga aljihu.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ɗan sukurun nan da bakanike ke murɗawa a gefen kafireto, aikinsa a silo ne da kuma lokacin da ka ɗan taɓa totur. Da ka murɗa totur ya kai rabi, allurar da ke cikin kafireto ce ke iko. In ka buɗe shi duka, sai babban jet ya karɓa. Saboda haka bakaniken da ya saurari ƙarar inji babur na tsaye ya ce an gama, ɓangare ɗaya ya saita daga cikin uku. Ka tambayi naka, shin sukuru kawai ya taɓa, ko ya sauke allura, ko ya canza jet ya sa ƙarami? Yadda ka kwatanta rashin ja da kaya, mun fi zargin allura ko jet.

Yanzu maganar ɗanka. Gaskiya ya faɗa. Akwai baburan da ba su da kafireto, sai famfo da injekta mai fesa mai, da wata 'yar kwamfuta da ake kira ƙwaƙwalwar inji. A cikinta kamfani ya rubuta jadawali: in inji na gudu kaza, totur ya buɗe kaza, a fesa mai kaza. Sannan akwai wani ɗan ma'auni a jikin salansa da ke sansanar hayaƙi yana gaya wa kwamfutar ta ƙara ko ta rage. Dokar hayaƙi da Indiya ta fara aiki da ita a watan Afrilu na 2020 ita ta sa yawancin baburan da ake sayarwa a can suka koma wannan tsari. Amfaninsa a fili yake. Kano tana da tudun kusan mita 480 daga teku, Jos kuwa ta haura mita 1,200, iskarta ta fi sirantaka. Mai kafireto in ya hau Jos sai mai ya yi masa yawa, mai kwamfuta kuwa da kansa zai gyara. Haka ma tsakanin sanyin hunturu da zafin bazara.

Sai dai fa gyaran nasa yana da iyaka. Ɗan kaɗan yake iya ƙarawa ko ragewa a kan jadawalin da aka ba shi, kuma ya dogara ne ga abin da ma'aunin ya gaya masa. In salansa ta huje iska na shiga, ma'aunin zai yi ƙarya, kwamfuta ta bi ƙaryar. In ka zuba gurɓataccen man bumburutu, injekta ta toshe. In batir ya yi sanyi, famfo ba zai tura mai sosai ba. Kuma ba kowane gareji na ƙauye ke da na'urar duba shi ba.

Ita kuwa na'urar da ake ɗora babur a kai, daino ake ce mata. Ana ɗaure babur, tayar baya ta hau kan wani gangan ƙarfe mai juyawa, a sa wa gangan nauyi kamar ana hawan tudu. Ƙwararre yana murɗa totur mataki-mataki, yana karanta ƙarfin inji da ma'aunin hayaƙi, yana gyara jadawalin gida-gida. Ya san inda za a tsuke mai, ya san inda dole a sake shi, domin in ana neman cikakken ƙarfi gaurayen kan sauko wajen 13 ne, ba 14.7 ba. A wajen daidaito babu kamar wannan. Amma aiki ne na masu baburan tsere da manyan baburan da aka canza wa salansa ko kayan ciki. A ra'ayinmu, babur mai ɗaukar albasa bai kai ga wannan ɗawainiya ba, tunda kamfanin da ya ƙera shi ya riga ya yi masa irin wannan awo kafin ya zaɓi lambar jet ɗin da ya sa masa.

Don haka, Malam, ka koma wurin bakaniken ya mayar maka da jet mai lambar asali, allura ta koma mazauninta. Kafin a taɓa sukuru, a fara wanke ko canza matatar iska, domin ƙurar hunturu kan toshe ta, mai ya yi yawa, a ɗora wa kafireto laifin da ba nasa ba. A saita silo inji na da ɗumi, ba da sanyin safiya ba. Bayan nan ka yi awon da kanka: cika tanki, rubuta lambar kilomita, yi zuwa Kano da komowa da irin kayan da ka saba, sake cikawa a gidan mai ɗaya, ka raba kilomita da litocin da ya sha. Da ka iso gida ka bari inji ya huce, ka kwance fulogi ka duba bakinsa. In ya yi ruwan ƙasa kamar gyaɗar da aka soya, saiti ya yi. In har yanzu fari ne, a duba robar da ke tsakanin kafireto da inji, don takan tsage ta riƙa shan iska ta ɓarauniyar hanya.