Gaiwa, kifin da ke cin rani cikin laka

Bakin tabki wuri ne mai wuyar zama. Da damina ruwa ya cika shi, da rani ya ƙafe, laka ta bushe ta tsattsage. Kifaye da yawa suna mutuwa a lokacin nan. Amma gaiwa ba ta mutuwa. Ana samunta a kogin Isa, da tabkin Cadi, da tabkunan da ke ƙafewa kowace shekara.

Gaiwa doguwa ce, mai santsi. Tsawonta yana kai mita 1. Tana da ƴan hannuwa huɗu, sirara kamar igiya. Da su take rarrafe a ƙarƙashin ruwa.

Sauran kifaye suna shan iskar da ke cikin ruwa. Ita kuwa gaiwa huhu gare ta, kamar mu. Shi ya sa take leƙowa sama tana shaƙar iska. In aka hana ta leƙowa, sai ta mutu, ko da yake kifi ce.

In ruwa ya fara janyewa, sai ta haƙa rami cikin laka, ta naɗe, ta rufe kanta da wutsiyarta. Jikinta yana fid da yauƙi. Yauƙin nan ya bushe, ya zama kamar jaka, ya hana jikinta bushewa. Ƴar ƙofa guda take bari daidai bakinta don numfashi. Ba ta ci, ba ta sha. Zuciyarta tana bugawa sannu sannu, tana rayuwa da naman jikinta. Ran da ruwa ya sauka, laka ta jiƙe, sai ta fito a rame, ta shiga neman abinci.

Yaya gaiwa ta sami wannan hali? Ku tuna da manomi. Kowace kaka yana ware zangarniyar hatsi mafi kyau, ya aje iri. Bayan shekaru, hatsin gonarsa ya sake. Wani masani na Ingila, Charles Darwin, ya bayyana a shekarar 1859 cewa wurin zama ma yana zaɓe haka. Ƴaƴan kifi ba su zama daidai. A ruwa mai zafi, maras iska, waɗanda suka fi iya shaƙar iskar sama su ke rayuwa, su hayayyafa. Ƴaƴansu su gaji halinsu. Wannan sakewa ba ta aukuwa cikin rayuwar kifi guda. Masana sun ce dangin gaiwa sun yi shekara wajen miliyan 400 a duniya.

Da rani mutane suna tone laka su ciro gaiwa don miya. In aka tone su duka, tabki zai cika da damina, amma babu gaiwar da za ta yi ƙwai. Dole ne a bar iri, kamar yadda manomi ke yi.

Tambayoyi
1. Don mi gaiwa ke leƙowa saman ruwa?
2. Mi ke hana jikinta bushewa da rani?

Aiki
Ku ƙaga wata dabba wadda babu ita a duniya, mai zama bakin tabki. Ku zana ta, ku raɗa mata suna. Ku faɗi abincinta, da yadda take numfashi, da yadda take tsira in ruwa ya ƙafe. Kowace gaɓa da kuka ba ta, ku faɗi amfaninta.