Yadda ake kallon film noir: misalin Assurance sur la mort (1944)

1. Gabatarwa

Wanda ya saba da finafinan ƴan sanda yakan zauna kallo da tambaya guda: wa ya yi kisan? In ya zo wa film noir da wannan tambaya, sai ya tashi yana ganin an cuce shi, domin sau da yawa tun a mintocin farko ake nuna masa mai laifin. A cikin wannan maƙala za mu nuna cewa tambayar da ta dace ita ce: ta yaya mutum mai aikinsa da mutuncinsa ya kai ga kisa? Za mu dogara da fim guda, Double Indemnity na Billy Wilder, wanda aka sani da Faransanci da sunan Assurance sur la mort.

2. Asalin sunan

Finafinan na Amurka ne, sunan kuwa daga Faransa ya fito. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa an hana nuna finafinan Hollywood. A tsakiyar 1946 sai masu kallo na Paris suka ga da yawa daga cikinsu a jere, kamar Le Faucon maltais (1941), da Laura (1944), da wanda muke nazari. A watan Agusta na wannan shekara Nino Frank ya kira su film noir a mujallar L'Écran français. Sunan yana da dangantaka da Série noire, jerin littattafan laifi da Marcel Duhamel ya kafa a gidan ɗab'i na Gallimard a 1945. Masana sukan ɗauki zamanin wannan salo daga 1941 zuwa 1958, shekarar La Soif du mal na Orson Welles.

Kalmar noir a nan ta zarce launin hoto. Ta fi kusa da baƙin da ke cikin "baƙar aniya" ko "baƙar rana", shi ya sa muka bar sunan yadda yake.

3. Labarin a taƙaice

Walter Neff ma'aikacin kamfanin inshora ne a Los Angeles. Ya haɗu da matar aure, Phyllis Dietrichson, suka shirya yi wa mijinta inshorar haɗari ta dala 50.000 ba da saninsa ba, wadda ake ninkawa in mutuwar ta auku a jirgin ƙasa. Suka kashe shi, suka ajiye gawar a kan layin dogo. Mai binciken kamfanin, Barton Keyes, aminin Neff ne. Abin da ya tayar masa da zato ƙarami ne: mamacin ya karye a ƙafa kafin rasuwarsa, amma bai nemi ko dala guda ba. Ashe bai ma san yana da inshorar ba.

4. Abubuwa uku da mai kallo zai lura da su

Na farko shi ne murya. Fim ɗin yana buɗewa da Neff, da harsashi a kafaɗa, ya shiga ofis cikin dare yana furta laifinsa a cikin na'urar ɗaukar magana. Duk abin da ya biyo baya waiwaye ne. Saboda haka in mun ga yana murmushi yana ƙulla dabara, mun riga mun san inda za ta kai shi. Wannan tsari ya dace da dokar tace finafinai ta Hollywood, wadda aka tsananta tun 1934, wadda ba ta yarda mai laifi ya sha ba. Tun da ƙarshen sananne ne, sai masu shirya fim suka mai da hankali ga hanyar.

Na biyu shi ne haske. Wilder ya baro Berlin a 1933, kamar yadda Fritz Lang da Robert Siodmak suka baro, kuma sun zo da al'adar sinimar Jamus ta wasa da inuwa. A falon Phyllis, mai ɗaukar hoto John Seitz ya bar hasken rana ya ratso ta labulen taga mai tsage-tsage, layukan inuwa suka sauka a jikin Neff kamar ƙarafan kurkuku, alhali bai riga ya aikata kome ba. Abin da doka ta hana a nuna, sai a nuna gefensa: lokacin da ake kashe mijin a cikin mota, kamara ba ta bar fuskar Phyllis ba.

Na uku shi ne mai kallo kansa. Bayan sun ajiye gawar, suka koma mota za su gudu, sai ta ƙi tashi. Phyllis ta yi ta gwadawa a banza, kafin Neff ya samu ta kama. A cikin wannan ɗan lokaci kusan kowane mai kallo yana fatan motar ta tashi, wato yana fatan masu kisa su tsira. Nan ne ƙarfin film noir yake. Ba ya barin mu a kujerar alƙali. Yana sa mu ɗanɗana yadda zuciya take karkata da kaɗan kaɗan.

5. Kammalawa

Duk tsawon fim ɗin, Keyes ba ya samun ashana a aljihunsa, Neff ne yake kunna masa taba. A ƙarshe, Neff ya faɗi a bakin ƙofar ofis, hannunsa ya kasa, sai Keyes ya ƙyasta masa ashanar. Wanda ya zo neman sunan mai kisa ba zai ga kome a wannan ba. Wanda ya bi murya da inuwa kuwa zai gane cewa babbar hasarar Neff ita ce amanar aminin nan da ya ci. Shawararmu ga ɗalibai ita ce su kalli irin wannan fim sau biyu: na farko don labari, na biyu don lura da inda haske ya faɗi, da kuma lokacin da su kansu suka fara goyon bayan mai laifi.