Bahago da Agogon Ƙirga Taku

Agogon ƙirga taku ba ya ganin ƙafa. A cikinsa akwai 'yar na'ura mai jin motsin hannu, da ita yake lissafa takun mutum. Shi ya sa agogon Fitbit yakan tambayi mai shi ko a hannun da ya fi aiki da shi ya ɗaura. In haka ne, sai agogon ya ƙara taka-tsantsan, don kada ya ɗauki wanki ko daka a matsayin tafiya.

Kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne. A Garwa, babban birnin yankin Arewa na Kamaru, bahago yakan ci abinci, ya gaisa, ya miƙa kuɗi da dama, bisa al'adar Hausawa da Fulani. Amma sara da shara, da hagu yake yi. In ya ɗaura agogo a hagu, bai gyara saiti ba, lissafi zai zarce gaskiya. Mai ciwon sukari da likita ya ce ya riƙa tafiya zai zaci ya cika, alhali da saura. Mafita ita ce ya ɗaura a hannun da ya fi hutawa.